Ta-kowa da Ƙi-rabo

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Baba ya rasu wata Laraba da hantsi a gidansa na Isa, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Na zauna rubuta wannan don kada a manta da shi, amma za ni faɗi gaskiya tun da wuri: na yi zaman makokin mahaifina da kishi cike da cikina, har ya kusa danne baƙin cikin.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka ajiye buzun Baba jikin bangon zaure, daidai inda ya saba zama. Ni ina daga dama, ni kaɗai ne ɗansa namiji, sauran duk mata ne. Daga hagu taubashina ne, ɗan Gwaggo, ƙanwar Baba da ke Turba. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, aka kawo shi gidanmu don makaranta, bai sake komawa ba. Mai gaisuwa zai zo ya ba ni hannu, ya ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam." Sai ya zagaye buzun ya durƙusa gaban taubashina, can ne hawayen ke sauka. Ni gaisuwa, shi kuka.

Wani tsohon ɗalibin Baba ya taso tun daga Sakkwato a babbar mota. Ko duban inda nake bai yi ba. Ya rungume taubashina yana cewa, "Ba sai an gaya min ba, kai ne ɗan Malam. Har zaman iri ɗaya." Sai da maƙwabcinmu ya taɓa shi ya nuna ni.

"Af," ya ce, "ashe akwai wani."

Na amsa gaisuwarsa da fara'a, Allah kuwa ya san abin da na haɗiye. Daga cikin gida muryar Gwaggo ta fi ta kowa tashi, tana kuka tana cewa wa zai riƙe mata marayanta. Marayan nan fa gemunsa ya fara furfura, ƴaƴansa har sun shiga sakandare. Wani dattijon Bafulatani ya zo da sandarsa, ya tsuguna ya daɗe yana duban bangon zaure. Da zai tashi ya ce Malam ne ya raba musu shanun gado ba a zare sanda ba. Shi ma taubashina ya gaya wa.

Abin da dattijon ke duba a bango lamba ce da aka rubuta da gawayi, manya-manya: 55,440. Duk damina ruwa kan wanke ta, duk kaka Baba kan sake rubuta ta. Wanda bai san wannan lamba ba bai san Baba ba, kuma ba zai gane abin da ke cina ba.

Baba malamin lissafi ne. Ya koyar har ya yi ritaya, ritayar kuma ba ta hana shi komai ba, ajin ne kawai ya dawo zaure. Ba ya ganin lamba ya ƙyale ta. Ka ba shi lambar wayarka, kafin ya tambayi iyalinka zai ce, "Mara ce, amma uku na raba ta." Yana da dangogi da ya kasa lambobi a ciki, kamar yadda ake kasa mutanen gari. Akwai cika da mara, wannan ko yara masu wasa sun sani. Akwai waɗanda yake kira kammalallu, irin shida: ka tara ƙananan lambobin da ke raba ta, ɗaya da biyu da uku, su ba ka shida cif. Akwai gajiyayyu, waɗanda in ka tara masu raba su ba za su kai su ba. Akwai mawadata, waɗanda tarin ya zarce su. Sai kuma dangin da ya laƙaba wa suna da kansa, ƙi-rabo: irin su bakwai, sha ɗaya, sha uku, waɗanda ba abin da ke raba su ba saura sai ɗaya da su kansu.

A cikin duka, ta bango ce ƴar lelensa. In baƙo ya tambaya, Baba kan gyara zama, ya ɗauki kara yana nunawa.

"Wagga sunanta Ta-kowa. Dubu hamsin da biyar da ɗari huɗu da arba'in. Ku zo ku biyu, ta rabu. Ku zo ku uku, ta rabu. Ku yi ta zuwa har ku sha biyu, ba wanda za shi tashi hannu banza, ba kuma saura da za a yi faɗa a kai. Ku bakwai ne? Kowa dubu bakwai da ɗari tara da ishirin. Ku sha ɗaya ne? Kowa dubu biyar da arba'in."

"Sha uku fa, Malam?" Kullum sai an sami mai tambayar nan.

"Sha uku ta zo da tsiya, sai a bar saura takwas. Ko karimi ba shi iya wa kowa."

Daga nan zai warware ta kamar mai kwance dami: sha shida ce aka ninka da tara, da biyar, da bakwai, da sha ɗaya. Lambobi ɗari da ishirin ke raba ta, in an haɗa da ɗaya da ita kanta, kuma duk lambobin da ke ƙasa da ita ba wadda ta tara masu rabo haka. In ka tara ƙananan masu raba ta, sun fi ninkinta uku. "Mawadaciya ce ta ƙarshe," in ji shi, "abin da ta bayar ya fi ta yawa." Yana faɗa idonsa na ƙyalli. Ni dai ban taɓa ganin ya dube ni da idon nan ba, kuma na lura, don ina dubawa.

Sunan da Baba ya laƙaba min ya samo asali ne daga keke. Muna sakandare ni da taubashina, na yi noman gyaɗa a ɗan gefen gonar Baba, na sayar na sayi tsohon keke. Gumina ne. Taubashina ya ce in ba shi aro ya je Turba ya gaida Gwaggo, na ce ƙafarsa lafiya lau take. Magana ta kai zaure, a gaban mutane. Baba bai yi faɗa ba, da ma ba ya faɗa. Ya ɗauki kara ya rubuta a ƙasa, 55,441.

"Kun ga wagga? Maƙwabciyar Ta-kowa ce, bango ɗaya ya raba su. Amma duk girmanta ba mai raba ta. Gwada biyu, saura ɗaya. Gwada bakwai, saura ɗaya. Gwada har ka gaji." Ya nuna ni da karan. "Ga ta nan zaune. Ƙi-rabo."

Zaure ya ɗauki dariya. Taubashina na zaune dab da gwiwar Baba, ƙarƙashin lambar bango, yana murmushi ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya ce shi ne Ta-kowa, amma ai ba sai an faɗa ba. Shi ne mai ba da aron littafi, mai kai wa tsofaffi ruwa, mai amsa lissafi kafin Baba ya rufe baki. In ni ne maƙwabciyar, wa ya rage?

Kafin sati ya zagayo sunan ya fita gari, kuma bakin mutane ya lanƙwasa shi. Ƙi-rabo ya koma Mara-rabo. A wurinmu kuwa in an ce mutum ba shi da rabo an gama da shi, an ce Allah bai rubuta masa komai ba. Inna ta ji a gidan suna, ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta aika a kira Baba cikin gida.

"Malam, da bakinka kaka yi wa ɗanka baki? Ɗa guda namiji, ka ce ba shi da rabo?"

"Ban ce ba shi da rabo ba. Cewa na yi ba shi rabuwa."

"Kunnen mutanen Isa bai san wanga bambanci ba. Ka fita ka janye."

"Ba a janye lissafi. Ko na janye, ba ta rabuwa."

Inna ta juya ta shige ɗaki. Da yamma ta aika masa da tuwo curi guda, gaya, ba ɗigon miya, ta ce a gaya masa wannan ma ƙi-rabo ne. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya cinye shi da ruwa, ya ce matarsa ta fi ɗalibansa gane darasi. Sunan dai bai janye ba. Har Inna ta rasu ba ta yafe masa wannan ba, ni kuma ina jin daɗin hakan, don ita kaɗai ce tawa ni ɗaya.

Da na girma na koma Sabon Birni, na buɗe shagon kayan babur kusa da kasuwa. Na ce wa mutane ciniki ya fi a can. Cinikin ya fi, amma abin da ya kore ni shi ne na gaji da ganin kan taubashina kusa da kan Baba, sun sunkuya kan lissafi a ƙasa, ni ina tsaye kamar wanda aka aiko. Shi ya zama malamin firamare, ya yi aure ya zauna a sashen gidanmu. Ranar da na sayi sabon babur na hau na zo Isa don Baba ya sa albarka. Ya zagaya shi a hankali, ya tsaya a baya ya sunkuya kan lambar babur ɗin.

"Bakwai na raba ta," ya ce. "Madalla."

Albarkar ke nan. Da taubashina ya ci jarabawar ƙarin girma, zakara aka yanka. Ban manta ba, ja ne, kuma ni aka sa na fige shi don ranar na zo gida.

Ba taubashina kaɗai nake kishi ba, ko da yake shi ne kan gaba. Garin duka nake kishi. Baba ba shi da lokacin da yake nasa. Masu rabon gado su zo da rigimar damman hatsi, ya zauna da su tun hantsi har azahar yana neman lambar da rabon kowa zai fita ba a karya dami ba. Ɗan maƙwabci ya faɗi jarabawa, a kawo shi. Makiyayi na son ya san shanun da za su fita zakka, a zo. Bai taɓa karɓar ko goro ba. In ka zo gaishe shi daga nesa sai ka bi layi, ko kai ne ɗan cikinsa.

Shekarar da rashin tsaro ya tada mutanen ƙauyuka, wasu iyalai daga wajen Gangara suka iso Isa da ƙullin kaya a ka, ba su san kowa ba. Baba ya gan su gindin bishiya, ya tsaya ya ƙirga su da ido, ya ce su biyo shi. Ya sa aka kawo zana aka yanyanka tsakar gida, kowane iyali da lungunsa, aka buɗe rumbu. Na zo ran Juma'a na tarar da wata tsohuwa da jikokinta a ɗakina, ɗakin da na taso a ciki, kayana a waje an lulluɓe da buhu.

"Baba, ɗakina fa?"

"Kai kana da ɗaki Sabon Birni. Ita ba ta da shi ko'ina."

"Na ɗan Gwaggo fa? Shi ba a taɓa nashi ba."

"Shi da iyali shike ciki. Mi kaka so in yi, in raba shi da matatai?"

Gaskiyarsa ce, na sani, kuma sanin bai rage min komai ba. Tsohuwar nan ta zo zaman makoki, ta aiko a gaya mana Malam ubanta ne ko da ta girme shi. Na ce a raina, to, ga wata ƴar kuma, a ƙara a lissafi.

Da ciwo ya kama Baba, taubashina ne ke goya shi a babur zuwa asibiti ya dawo da shi. Na ce a kawo shi Sabon Birni in kula da shi, Baba ya ce zaurensa ba ya tafiya. Nakan zo in kawo magani da nama, in same shi ya rame yana koya wa wani yaron mutane jadawalin tara. Ranar da ya cika ina shago. Taubashina ne ya riƙe kansa, shi ya ji kalmarsa ta ƙarshe, shi ya buga min waya.

Saboda haka da aka yi sadakar uku na riga na yanke shawara. Za ni sa a shafe bangon nan da siminti, in yi abin da shari'a ta ce a kan gida, in koma Sabon Birni, tsakanina da ɗan Gwaggo ya zama gaisuwar Sallah. Bayan azahar mutane suka ragu, aka bar mu mu biyu da buzun a tsakani.

"In an watse za ni sa a shafe bangon ga," na ce. "In kana son lambarka, kwashe ta ka tahi da ita."

Ya juyo. "Wace lambata?"

"Ta-kowa mana. Ko sai na yi maka kirari? An ba ka ita, an ba ka zaure, an ba ka masu kuka. Ni an bar ni da Ƙi-rabo."

Tsakanin taubasai akwai wasa, mukan gaya wa juna baƙar magana a yi dariya. Na zaci zai mayar da ita wasa. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Ni ne Ta-kowa? Wa ya gaya maka?"

"Ido gare ni."

"To idonka bai gani ba. Ka tuna kekenka, da ka tashi ka tarar ba iska a ƙafa biyu?"

"Kai ne?"

"Ni ne, kuma ko yau aka sake za ni sake. Kawu ya gane. Ya ce in ba ka haƙuri, na ce sai dai a kore ni. Ya ja ni gona, mu biyu, ya rubuta a ƙasa: dubu hamsin da biyar da ɗari huɗu da talatin da tara. Ya ce ita ma ba mai raba ta, taurin kanta ɗaya da na waccan. Ya ce ga ni nan, ɗaya ta rage in kai Ta-kowa."

Shi kuwa kamar an ɓalle bakin rumbu.

"Ɗaya ta rage. Ka san yadda na ji ta? Ɗaya ta rage in zama ɗa. Kai an ce ka wuce da ɗaya, kuma ba ka yi komi ba, haihuwarka kawai anka yi. Ni na zuba mashi ruwan alwala, na koyi lissafin da ba so nike ba don shi dube ni, na goya shi a bayana, kuma in an zo rabon gado ko tsinken zana ba ni da shi, ɗan ƙanwa nike. In ka zo ran Juma'a, tun Alhamis shike tambaya ko an ji labarin hanya. Ni ba a taɓa tambayar hanyata ba, kullum ina nan. Kai kaka kishi? Ni na san kishi."

Wallahi ban san sanda na ce, "To wace ce Ta-kowa?"

Sai ya duba buzun. Can ya ce, a dawowarsu ta ƙarshe daga asibiti, Baba ya kwantar da kai a bayansa saboda rashin ƙarfi, suna tafe a hankali, sai ya fara magana a kunnensa. Ya ce mutane sun ɗauka yabon Ta-kowa yake, alhali tausayinta yake ji. Kowa ya zo ya ɗebi rabonsa, ba ta da bakin cewa a'a, ba ta da abin da za ta ce nata ne. Ya ce sa'arta ɗaya: an tsayar mata da masu taurin kai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda ba mai iya gutsurar su. Masana na kiran irinsu tagwaye, don biyu kawai ke tsakaninsu. Ya ce lamba mai yawan masu rabo irin wannan ta samu tagwaye a gefenta, ba kasafai ake gani ba, shi ya sa ya zaɓe ta.

"Ya ce in ta tafi, kada tagwayen su ɗauka sun yi nisa. Biyu ce dai tsakaninsu."

Ashe Baba kansa yake nufi. Tun rasuwar ban yi kuka ba, sai a lokacin, ina duban gawayin da hannunsa ya shafa a bango. Da na samu murya, ga abin da ya fito daga bakina, ba za ni ɓoye ba:

"Kuma kai anka gaya wa."

"Ni ke tuƙa shi. Kai kana Sabon Birni."

"Da ya aika a kira ni."

"Da ka zo ba a kira ka ba."

Muna cikin haka wani baƙo ya iso a makare, mai ƙiba, da babbar riga. Ya yi sallama, ya duba tabarmi ya ga wuri mai laushi a tsakiya, ya tattara riga zai zauna a kan buzun. Hannuna ya tare shi daga dama. Na duba, hannun taubashina ya tare shi daga hagu.

"Ba a zama nan," muka ce, baki ɗaya.

Mutumin ya ba da haƙuri ya koma gefe. Muka karɓi gaisuwarsa, ya tafi. Na goge fuska na ce wa taubashina, ko ba komai na fi shi da biyu. Ya ce Allah ya jiƙan Kawu, ya san wanda ya laƙaba wa suna.

Ban sa an shafe bangon ba. Da kaka ta zo ruwa ya cinye rabin lambar, taubashina ya riƙe min kujera na hau na sake rubuta ta, yana ta cewa biyar ɗina ta karkace. Sashensa na gida yana nan a hannunsa, ƴan'uwana mata sun yarda, ba wanda ya sake ta da zancen. Har yau in na tuna a kunnensa aka faɗi maganar nan ba a nawa ba, cikina kan yi zafi, kuma na gaya masa haka. Shi ma ya ce har yau in ya tuna Alhamis ɗin nan nasa kan yi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba shi a can rabon da ba mai gutsurar masa. Ran Juma'a nakan taso daga Sabon Birni, in an sauko masallaci mu zauna ƙofar zaure, shi hagu ni dama. Buzun yana tsakiya, ba mu bari kowa ya hau.